Wa Ya Zaɓi Masu Riƙon Makarantunmu? Tambaya Daga Ƙasar Ruma

A hutun da ya gabata na je gida gaida mahaifiya, sai na tarar ana share filin makarantar firamaren da na yi karatu a cikinta shekaru talatin da 'yan kai da suka wuce. Da gangan ba zan ambaci sunan ƙauyen ba. Ya isa a ce yana cikin ƙasar Ruma, kuma wanda ya hau tudun bayan makarantar da hantsi yana iya hango duhun dajin Rugu daga yamma. Hedimastan, wanda na girme shi da aji biyu, ya tare ni da fara'a. "Dakta, ka zo a kan gaɓa," in ji shi, "yau za a sabunta kwamitin makaranta. Ka zauna ka sa mana albarka."

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, aka fito da bencina uku na manya. Liman ya buɗe da addu'a. Jami'in da aka turo daga ofishin ilimi ya karanta jerin kujerun da ake son cikewa, ya yi bayani gwargwadon iko, ya zauna. Daga nan wakilin mai gari ya miƙe da takarda a hannu, ya shiga kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Duk sunan da ya kira sai ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, kun amince?" Jama'a su ce, "Mun amince." Kujeru biyu na mata an cike su da sunayen matan da ba sa wurin, domin babu mace ko ɗaya a taron. Kafin shayin da aka ɗora ya tafasa an gama, an shafa fatiha.

Kusa da ni akwai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda jikokinsa biyar ke makarantar. Yana cikin waɗanda suka amsa da "mun amince" da ƙarfi. Da muka tashi sai ya riƙe hannuna, ya rage murya, ya ce, "Ɗana, shugaban nan da aka naɗa mutumin kirki ne, amma 'ya'yansa duk a Katsina suke karatu. Ranar da ruwa ya zubo a aji uku, wa zai gaya masa?" Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya daɗe a birni. "A gaban wakili? Da wane bakin? Gonar da nake nomawa ta wace ce?"

Ba na zargin kowa a wannan taro da mugun nufi. Abin da na gani shi ne yadda muka saba yi, kuma sabo, an ce, turken wawa ne. Amma tun daga ranar tambaya ɗaya ke yi mini yawo: tun daga Abuja har zuwa gindin bedin nan, a cikin duk masu iko da karatun yaron ƙauyenmu, wane ne iyayen yaron suka zaɓa domin wannan aiki, kuma wane ne za su iya saukewa in ya gaza?

Mai karatu, mu bi tsanin daga sama. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Ita ce ta kafa hukumar UBEC, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin sai jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi na gine-gine. A ƙarƙashinta akwai SUBEB a kowace jiha. A ƙarƙashin SUBEB ta Katsina akwai hukumar ilimi a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34, Batsari da Safana na ciki, kowace da sakataren ilimi a kanta. Daga shi sai jami'an yanki, sai hedimasta. Duk wannan tsani naɗi ne. Akwai haziƙai a cikinsu, na san wasu da ke hawa babur su shiga inda mai hankali zai yi shakkar shiga. Sai dai wanda aka naɗa, idonsa na kan wanda ya naɗa shi, wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce.

Wani zai ce ai shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli zaɓaɓɓu ne, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya sa hannun ƙananan hukumomi a harkar ilimin firamare. Haka ne a takarda. Amma albashin malamai ana zare shi ne daga kason ƙananan hukumomi, alhali ɗauka da ƙarin girma da manyan kwangiloli suna hannun jiha. Ko hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi bai taɓa wannan tambaya ba. Wannan ja-in-ja ma tsohuwa ce. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi, aka dawo da ita a 1993. A duk zagayen nan gardamar ita ce wace gwamnati za ta riƙe jakar kuɗi. Ba a taɓa gayyatar uban yaro ya sa baki ba.

Akwai wani abu a tarihin haruffan nan uku, L.E.A., da ke rubuce a allunan tsofaffin makarantunmu, wanda ɗalibaina kan yi mamaki in na gaya musu. A 1870 Ingila ta yi dokar da ta kafa kwamitocin makarantu waɗanda masu biyan haraji ke zaɓa da ƙuri'a. Mata masu biyan haraji suna jefa ƙuri'a, suna kuma tsayawa takara, shekaru da dama kafin a ba su damar zaɓen 'yan majalisar ƙasa. A zaɓen farko na birnin Landan wata likita, Elizabeth Garrett, ita ce ta fi kowa ƙuri'u. Amma a 1902 aka soke waɗannan kwamitoci, aka miƙa makarantu ga hukumomin ilimi na majalisun gunduma, wato L.E.A. ɗin. Turawa sun ci Katsina a 1903. Ke nan sun iso mana shekara guda bayan sun binne zaɓen kwamitin makaranta a gidansu. Da suka tashi gina makarantun boko a Arewa sai suka ɗora su a kan En'e, daga baya kuma muka gaji sunan L.E.A. da tsarinta. Ba mu gwada zaɓen nan muka ga ya kasa ba. Ba mu taɓa ganinsa ba ne sam.

Inda ya rayu shi ne Amurka. Tun 1647 yankin Masacuset ya wajabta wa duk garin da ya kai gida hamsin ya ɗauki malami, kuma daga taron gari da ke kula da malamin nan aka samo kwamitin da ake zaɓa. Yau ƙasar na da gundumomin makarantu sama da 13,000, mafi yawansu a hannun zaɓaɓɓun mutane biyar zuwa tara, galibi na wa'adin shekara huɗu. Yawanci ba malamai ba ne: manomi ne, ko mai shago, ko ma'aikaciyar jinya. Su ke ɗaukar babban jami'in ilimi na gunduma, su ke sallamarsa, su ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma zamansu a buɗe yake, duk mai ƙorafi yana iya miƙewa ya yi magana. Ba na kawo Amurka don a kwafa. Tsarinsu na da cututtuka biyu da suka shahara: mutane kaɗan ke fitowa zaɓen, sa'annan da yake kaso mai tsoka na kuɗin makaranta daga harajin gidaje yake fitowa, gundumar masu hali ta fi ta talakawa makarantu masu kyau. Da za a ce Safana ta ciyar da makarantunta da harajinta, Katsina birni ma da nata, an zalunci Safana tun kafin a fara. Abin ɗauka a wurinsu guda ne: jami'in ilimi ya san cewa waɗanda za su tambaye shi maƙwabtan ɗalibansa ne.

Misalin da ya fi dacewa da mu ba shi da nisa, yana hayin iyaka, bayan Jibiya. Jamhuriyar Nijar ta kafa kwamitocin makarantu da ake kira COGES a farkon shekarun 2000, suka fara da irin ciwon da na gani a ƙauyenmu: masu faɗa a ji su mamaye kujeru, jama'a su janye jiki. A 2004 aka fara wani shiri a jihar Tawa tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan, kuma babban abin da ya kawo ƙarami ne a ido. A tara iyaye maza da mata, mai son kujera ya fito ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙuri'a a asirce, a ƙidaya a gaban kowa. Bayan zaɓe sai taron gari ya zauna ya tsara ayyukan shekara bisa ƙarfinsa, ko rumfar zana ce ta aji, ko karatun dare, ko zagayen gida-gida don rajistar 'yan mata, a ƙarshen shekara kwamiti ya dawo ya ba da lissafi. Kwamitocin kowace gunduma kuma suka haɗu a ƙungiya guda mai magana da yawunsu. Zuwa 2007 an faɗaɗa tsarin ga ƙasar baki ɗaya, har Maraɗi da Madarunfa, daga baya Senigal da Mali da Burkina Faso suka ɗauka. Waɗannan Hausawa ne irinmu, da sarakunansu da limamansu da kunyarsu. Sarauta ba ta rushe ba don an sa takarda a akwati.

Mu ma muna da namu kwamitin, wanda ake kira SBMC. Majalisar ilimi ta ƙasa ce ta amince da kafa shi a kowace makaranta a tsakiyar shekarun 2000, kuma a takarda yana da kyau: wakilin sarauta, malaman addini, iyaye, mata, matasa, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, malaman makaranta, har da ɗalibai biyu, namiji da mace. An yi aiki a kansa a Katsina. Shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya horar da kwamitoci da ƙungiyoyin iyaye mata, kuma na ga ƙauyukan da kwamiti ya gyara rijiya, ya maido da yaran da suka bar aji. Gurbin da aka bari shi ne yadda mutum zai hau kujerar. An ce al'umma ta fitar da wakilanta, aka tsaya nan. A inda mai ƙarfi ke zaune a benci, mai rauni a tabarma, "al'umma ta fitar" na nufin benci ya faɗa, tabarma ta amsa.

Da can wannan bai dami kowa ba, don kujerar wahala ce zalla, roƙon mutum ake ya karɓa. Abin ya canza da kuɗi suka fara shigowa. Daga 2015 shirin NIPEP, mai dala miliyan 100 na jihohi biyar, Katsina da Kano da Jigawa da Kaduna da Sakkwato, ya riƙa tura tallafi kai tsaye zuwa asusun makarantu. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohinsa bakwai na farko, shi ma ta hannun kwamitoci yake biyan kuɗin gyaran makarantun sakandare. Dabarar mai kyau ce, domin mutanen gari sun fi ɗan kwangilar birni sanin farashin bulo da yashi. Amma daga ranar da sa hannun shugaban kwamiti ya zama kuɗi, kujerar da ake gudu ta zama abin kamun ƙafa. Wanda ya hau ta da alfarmar wani, in aka ce ya rage kwano biyu ya sallami wancan, da wuya ya ƙi.

A ƙasar Ruma kuwa maganar ta wuce kuɗi, ta kai ga rai. Ba mu manta da Tsauwa da Dankar ba a watan Fabrairun 2020. Ba mu manta da daren 11 ga Disamban shekarar ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana a jihar. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana na ciki. A watannin nan sakataren ilimi ba ya iya kiran hedimasta, hedimasta ba ya iya kiran kowa. Azuzuwa sun zama masaukin 'yan gudun hijira, malaman da ba 'yan gari ba sun tsere, kuma ban ga laifinsu ba. Wa ya rage yana yanke shawarar ko yara su fita gobe ko su zauna? Mutanen da ke kwana a garin. Uwar da ke zuwa itace ta fi kowane ofishi sanin wace hanya ce ta yi shiru irin wanda ba na lafiya ba. Idan kwamitin makaranta ya ƙunshi mutanen da suka riga suka kwashe iyalansu zuwa Katsina ko Dutsin-ma, to a ranar da aka fi bukatarsa babu shi.

Yanzu da zaman sulhun 2025 ya sa wasu suka fara komawa ƙauyukansu, ko mutum ya yarda da sulhun ko yana ɗari-ɗari da shi, makarantu za su sake buɗewa, kuma za a tambayi wa zai shiga. A jerin da aka karanta a ƙauyenmu babu kujerar rugga ko ɗaya. Akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa tun 1989, amma yaron da ya tashi a gefen Rugu bai taɓa jin ƙararrawar makaranta ba, mun ga abin da daji ya koya masa. Kwamitin da babu uban ɗan rugga a cikinsa ba zai iya kiran ɗan rugga aji ba.

Na san abin da za a ce, domin abokan aikina sun faɗa mini a ɗakin shan shayi. Na farko, zaɓe a ƙasar nan jam'iyya yake jawowa, kada mu kai wa makaranta cutar da ta fi wadda take fama da ita. Wannan tsoro na da tushe, ban raina shi ba. Amma jam'iyya ta riga ta shiga, ta ƙofar baya take bi, inda ba a ganin ta. Kuma sayen ƙuri'a ya fi sauƙi in mai sayen zai iya ganin hannun da aka ɗaga. Na biyu, wai raini ne ga sarauta. Ni ban nemi a taɓa kujerar mai gari ko ta liman ba. Su zauna a matsayinsu na iyaye, su ne ma za su sa ido a ƙidaya. Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana sun fi ƙarfin a ce darajarsu ta rataya a kan wa zai zama ma'ajin kwamitin firamare. Kujerun iyaye, da ta shugaba, da ta ma'aji, su nake cewa a bar wa iyayen da 'ya'yansu ke cikin rajista. Indiya ta rubuta irin wannan a dokarta ta 2009: kashi uku cikin huɗu na kwamitin makaranta iyaye ne, rabin kwamitin kuma mata.

Na uku, wai mutanenmu ba su yi karatu ba. Wannan ya fi ba ni dariya, musamman daga bakin malaman jami'a. Mu da muke da digiri uku-uku, in za mu zaɓi shugaban tsangaya, ƙuri'ar asiri muke yi, domin ba wanda ke son a gan shi yana adawa da ɗan takarar manya alhali takardun ƙarin girmansa na kan tebur. Farfesa na neman labule, sa'annan a ce manomin da ke noma gonar aro ya ɗaga hannu a gaban mai gonar? Wanda bai iya karatu ba ya iya bambance ja da kore. A ba kowane ɗan takara launi, a sa kwali a bayan zana, shi ke nan. Mata su yi nasu zaɓen a gidan mai gari ko a islamiyya bayan la'asar, ba sai sun ratsa taron maza ba.

Sai dai zaɓe kaɗai ba zai wadatar ba in kwamitin ba shi da haƙora. A yau in malami ya yi wata bai zo ba, iyakar kwamiti ya rubuta takarda, ya jira. Ba na goyon bayan a ba shi ikon korar malami, za a yi zalunci, musamman a kan baƙo. Amma ana iya wajabta cewa takardar halartar malamai ta kowane wata sai da sa hannun shugaban kwamiti, kuma duk ƙorafin da kwamiti ya aika a rubuce sai ofishin ilimi ya amsa a rubuce cikin kwana talatin. Ana iya liƙa duk kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe shi a bangon makaranta, da Hausa, a karanta bayan sallar Juma'a. Kwamitocin mazaɓa guda, Wagini ce ko Runka ko Zakka, su haɗu su fitar da wakilai, waɗannan wakilai su samu kujeru a hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, su ga jerin inda za a gina aji da inda za a tura malami kafin a sa hannu. Jiharmu na da mazaɓu 361. Ba sai an fara da duka ba. A gwada a Batsari da Safana na zango biyu na kwamiti, a sa jami'o'in jihar su bi sawu su auna. Mafi yawan wannan ba ya bukatar sabuwar doka, takardar umarni daga SUBEB ta isa. Kujerun hukumar ilimi ne kawai za su bukaci majalisar dokokin jiha, kuma Batsari da Safana na da wakilai a can.

Kafin in baro gida na koma wurin hedimasta na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har na gama, yana kaɗa makullan ofis a hannu. Ya ce, "Yaya, ni kwali da zana ba su gagare ni ba, a aljihuna zan saya. A turo mini takarda daga sama kawai, don kada a ce ni na ƙirƙiro." Sa'annan ya ja ni zuwa aji uku ya nuna mini inda iskar bara ta ɗage kwano. Ya ce ya gaya wa sabon shugaban kwamiti ta waya, ya yi alkawarin zai leƙo in ya shigo gari da Sallah.